Daga Damagaram zuwa Gure: hanya ce ke zaɓar ma ɗalibi kwamfuta

Wanda ya bar Damagaram da sassafe ya nufi gabas bisa gudron, zai wuce Mirya da garakenta, ya wuce Gidimuni da tafkinta, ya ratsa Gidigir, kuma bayan tafiyar kilomita wajen 160 sai duwatsun Muniyo su tarbe shi, garin Gure yana kwance a gindinsu. Daga nan hanyar ta miƙa Gudumariya, Maine-Sorowa da Difa har Ngigmi, wato ɓangaren da aka shimfiɗa da taimakon ƙasar Kanada cikin shekarun 1970, aka raɗa mashi suna hanyar haɗin kai. Ƙasa ce ta Mangawa da Fulani da Tubawa da Buzaye da Hausawa, ƙasar kanwa da dabino da goruba, inda ake noma cikin kwaruruka yayin da tudun rairayi ke matsowa kansu shekara bisa shekara.

Wannan gari ya daɗe da sanin masu neman ilimi. A watan Disamba na 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdul Karim, ya sauka Gure wurin Muniyoma Koso kafin ya wuce Damagaram. Abin da ya gani ya rubuta shi cikin ƙananan littattafai da ke shiga aljihu, kuma don sun jure ma zafi da ƙura da jijjigar raƙumi ne labarinsa ya kai Turai, aka buga shi cikin 1857 da 1858. Kayan aikin matafiyi ana auna shi ne da jurewar hanya.

Yau matafiyan ilimi ƴaƴan Gure ne da kansu. Wanda ya ci jarrabawar bak sai ya ɗaura kaya: ko jami'ar Damagaram da aka kafa a 2010, wadda ke ɗauke da sunan André Salifu, ko ta Difa da aka kafa a 2014, ko ta Abdu Mumuni a Yamai, fiye da kilomita 1000 daga gida. A ko'ina malamai na raba darussa cikin waya da makullin USB, kuma ba a karɓar kundin ƙarshen karatu da rubutun hannu. Ke nan uban yaro, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, wata rana sai ya kwance bakin jaka ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ƴan lakol ke ce ma ordinata. Kuɗin kan kai albashin wata, wani lokaci kuɗin bisashe biyu ko uku. In an yi zaɓen tumun dare, kuɗi sun tafi, karatu kuma ya tsaya tsakiyar shekara.

Shawarar da wannan hanya ke bayarwa ta fari ita ce ta nauyi. Kwamfuta mai fuskar inci 13 ko 14 ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, tana shiga jakar goyo, yaro ya rungume ta bisa cinya cikin kar. Mai inci 15 ko 17 tana da ban sha'awa a kanti, amma ita ce ake jefawa cikin akwati a ɗaura bisa mota tare da buhunnan hatsi, kuma gilashinta ba ya gafarta wannan.

Ta biyu ita ce ta rumbun ajiya. Tsohon faifai, wanda ake kira HDD, yana juyawa ne sau dubbai cikin minti, da wata ƴar allura tana shawagi a kansa. Rami guda na hanya ko faɗuwa daga gado na iya hallaka aikin shekara. Sabon rumbu, SSD, ba abin da ke motsi cikinsa, ya fi sauri, ya fi tsimin wuta. A nemi mai giga 256 aƙalla, da RAM giga 8. Wannan ya ishi mai karatun shari'a, adabi, tattalin arziki ko likita. Mai karatun taswirar ƙasa ko gine-gine, wanda zai yi aiki da manhaja irin QGIS, shi ne ke buƙatar giga 16.

Ta uku ita ce ta wuta. Duk wanda ya kwana Gure ko Damagaram a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san kuran na zuwa yana tafiya. Ba a manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take sayar ma Nijar, aka yi watanni ana karɓa-karɓa har zuwa Maris na 2024. Saboda haka batiri ya fi launi da siranta muhimmanci. Mafi yawan kwamfutocin da ke kasuwanninmu na hannu ne, okaziyo daga ofisoshin Turai da Amurka, kuma batirin lithium yana tsufa ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. Kada a yarda da rantsuwa. A ce ma mai kanti ya cire waya daga bango, a zauna a sha shayi ana kallon yadda lissafin ke sauka cikin rabin awa. Wanda ya iya, ya rubuta umarnin powercfg /batteryreport, injin da kansa zai faɗi ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage. Ƙaramar kwamfuta mai cin wat 45 zuwa 65 ana iya cika ta da faifan hasken rana da batirinsa, irin waɗanda suka bazu cikin ƙauyukan Muniyo, kuma rana ita ce dukiyar da marigayi Abdu Mumuni ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna muna.

Ta huɗu ita ce ta ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso ƙura daga arewa maso gabas ya zuba ta ko'ina. Fankar kwamfuta na shaƙar ta, hanyar iska ta toshe, injin ya yi zafi ya mutu da kansa. Nan ne kwamfutocin ofis irin ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell da EliteBook na HP suka yi fice: ana kwance su da sukundireba, a share, a sauya batiri ko allon haruffa, kuma masu gyara na Damagaram da Maradi da Kano sun san cikinsu. Tsohuwar ta ofis mai lafiya ta fi sabuwar roba mai arha wadda aka liƙe komi nata. Da ma an ce arha ba ta ado.

Sai kuma abin da ya shafi kan iyaka. Ƴan kasuwarmu da yawa daga Kano suke sarowa, a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, a kawo kasuwar Dole. Kayan can jerin haruffansu na Ingilishi ne, QWERTY, alhali ɗalibinmu da Faransanci zai rubuta, yana buƙatar AZERTY mai é da è da ç. Ana iya sauya tsarin daga ciki a manna takardun haruffa, amma gara a sani kafin a biya. Kan wayarsu ma sau da yawa mai ƙafa uku ne irin na Ingila, namu mai ƙafa biyu ne. A lura kuma da shekarun inji: kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida yana son injin Intel na zubi na 8 ko wanda ya biyo baya. Lambar tana rubuce: i5-8250U na zubi na 8 ne, i5-6300U na 6 ne. Mai ƙaramin ƙarfi da ya sayi tsohuwa zai iya sa mata Linux, wanda kyauta ne, amma ya biya kuɗin tsohuwa, kada a sayar mashi da ita a farashin sabuwa.

Kafin a miƙa kuɗi a danna kowane harafi, a gwada kowace kafa, a tabbata ba a kulle injin da kalmar sirrin tsohon mai shi ba, a karɓi takardar ciniki mai lambar inji, domin kayan sata ma na yawo. A rage wani abu don jaka mai katifa da makullin USB, yaro ya riƙa kwafe aikinsa kowane mako ya aje dabam.

Ya ku iyaye na Gure, Kelle, Bune da Gidigir, ku tafi kanti tare da yaron da kuma wani wanda ya san kan abin, ku tambayi nauyi, rumbu, batiri da shekarun inji kafin ku tambayi farashi. Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya kai su lafiya, ya maido muna da su lafiya. Amin.