Ranar da Na'urar DJ Ta Yi Mana Gardama

Mu uku muka karɓi kafin alƙalami za mu sa kiɗa a walimar 'yan ajin ƙarshe. Muka aro na'urar MIDI, muka jona ta da kwamfuta ta kebul ɗin USB, muka buɗe manhajar Mixxx. Muka danna, muka murɗa, shiru. Saura awa biyu taro, kuɗin kuwa mun riga mun cinye.

Ashe na'urar ba ta fitar da sauti, saƙo kawai take aika wa kwamfuta. Sai da muka shiga saitin manhajar, muka kunna na'urar, muka zaɓi fayil ɗin da ke fayyace aikin kowane maɓalli, sannan ta amsa.

Ƙannenmu, in kun aro kaya, ku gwada tun ana gobe taro.