Daga Gaya zuwa Malanbil: ɗakunan da suka rage a bakin Kwara

Mun bar Doso da ƙarfe bakwai na safe, kilomita wajen 150 zuwa Gaya, muka isa hantsi ya dubi ludayi, ƙafafuna sun yi tsami saboda matsi a mota. Gadar da ta haɗa Nijar da Benin tun 1958 a lokacin a rufe take tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023, don haka kwale-kwale muka shiga, dala ɗari ta kuɗin sefa kowane mutum, ban da kaya. Da na ga faɗin Kwara gabana ya faɗi.

Cikin garin Malanbil bulo ne da kwanon rufi, sai hayaniyar buhunan albasa da shinkafa. Washegari na hau kabu-kabu zuwa ƙauyukan Dandawa na hanyar Karimama, kuma a can na tarar da abin da ya kawo ni.

A gida Katsina na saba da soro: tubali, azarar giginya, indararo. Nan kuwa tsofaffin ɗakunan zagayayyu ne, gajeru, da jinka a ka. Wani dattijo magini, mai jin Hausa rangaɗaɗau, ya nuna mini yadda suka gada. A haƙo ƙasa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar kwaɓin ya kwana biyu ya ruɓa. Sai a ɗora da hannu, sahu ɗaya yau, a jira ya sha rana kafin a ƙara. Jinkar a ƙasa ake ɗaure ta, sannan maza su taru su ɗaga ta gaba ɗaya su kifa. Daɓe aikin mata ne. Rumbu kuwa a kan duwatsu yake zaune saboda gara da danshi.

Na tambaye shi ambaliya. "Ɗan'uwa, wanda ya yi gini a fadama shi ya kira ruwa," in ji shi. Iyayensu tudu suke nema, su kuma sabunta yaɓe kafin damina. Ambaliyar 2010 ta rusa gidaje masu yawa a wannan yanki, kuma da dama suka koma siminti.

Da azahar na shiga ɗakin kwano, zufa ta koro ni. A ɗakin jinka har gyangyaɗi na yi. Ban ga laifin mai gudun ruwa ba, amma abin ya dame ni: maginin nan ba shi da yaro ko ɗaya da ke koyo a hannunsa.