Dajin da yaranmu suka sani a allo kawai

Duk malamin da ya riƙe ajin CM2 ya rubuta sunan gandun dajin W a allo. Mukan gaya wa yara cewa an kafa shi a 1954, sunansa ya fito ne daga lanƙwasar da kogin Kwara ya yi a wurin, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Su haddace, su ci jarrabawa. Amma a ajina na nan Gesheme, babu yaro ko ɗaya da ya taɓa ganin giwa ko ɓauna sai a wayar yayansa.

Ni na taki sa'a. Muna makarantar horon malamai aka kai mu Tapowa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwazazzabon: dutse ya tsage, ruwa kwance can ƙasa, birai suna kallonmu kamar mu ne aka kawo nuni. Daga ranar na daina karanta darasin kamar mai karanta takardar haraji.

Yau wace uwa za ta yarda a kai ɗanta can? Masu bindiga sun shiga yankin. Ko Kure ma, da ke bakin hanyar Doso zuwa Yamai, tun harin 9 ga Agusta 2020 da ya ci rayuka takwas ƙafa ta ɗauke. Abin takaici ne, domin raƙuman dawan nan 49 kacal suka rage a 1996, aka tsare su har suka wuce 600, duk da ɓarnar waken da suke yi wa manoma. A 2018 har an kwashi takwas zuwa Gadabeji.

Ba na ba iyaye shawarar su yi kasada da ƴaƴansu. Sai dai jiran ranar da hanya za ta buɗe ya zame mana hujjar zama cikin aji. Gesheme fa a cikin Dallol Mawri take, kwarin da aka sa cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar a 2004. Yara nawa suka san haka?

Bana, bayan girbi, na fita da ajina da ƙafa, ba kuɗin mota, ba komai sai gorar ruwa. Wani dattijo ya raka mu. Muka ƙirga gawo, muka ƙirga kututtura, kututtura suka fi yawa a gefen da muka bi. Ya nuna musu inda yake ganin barewa yana yaro, yanzu gona ce. Wata yarinya ta ce: "Baba, ina suka tafi?" Ya yi shiru, sannan ya ce ta tambayi masu gatari da masu tarko, da shi kansa.

Iyaye biyu sun yi ƙorafi an ɓata ranar karatu. Na roƙe su su biyo mu fita ta gaba, lokacin da gawo ya cika ganye.