Kayan Kibɗawa suna Paris, labarinsu yana Birnin Lalle

Wanda ya ratsa Birnin Lalle a yau, cikin gundumar Dakoro, ba lalle ya gane cewa ya taka tsohuwar fadar Gobir ba. Nan ne Gobirawa suka yada zango bayan sun baro Azbin, tun kafin Alƙalawa, tun kafin Tsibiri. Sun taho kuma da wani labari wanda har yanzu ba su yar ba: wai asalinsu Kibɗawan Masar ne. Ba hirar tsofaffi kaɗai ba ce, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya kawo zancen cikin Infaƙul Maisuri. Masanan tarihi na zamani suna ɗari-ɗari da wannan salsala, kuma suna da hujja. Amma abin lura shi ne, al'umma ce ta Musulmi take danganta kakanninta da mutanen da duniya ta sani da Kiristanci, ba ta kuma taɓa jin kunyar haka ba.

To, su waɗannan Kibɗawa, kayan ibadarsu sun zama abin da gwamnatoci ke gaisawa da shi. Cikin watan Satumba na shekara ta 2017, Cibiyar Duniyar Larabawa da ke Paris ta buɗe baje kolin tarihin Kiristocin Gabas na shekara dubu biyu, da kaya wajen 300. Shugaban Faransa Emmanuel Macron da na Labanan Michel Aoun su suka buɗe shi. A ƙarshen 2023 kuma babban gidan tarihi na Metropolitan, a New York ta Amurka, ya jera zane-zane da littattafan majami'un Masar, Nubiya da Habasha. Aron irin wannan kaya ba ƙaramin aiki ba ne: sai an yi wasiƙu, an sa hannu, an biya inshora, an yarda da juna. Ɗan kasuwa ya san ma'anar ba mutum hajar da babu irinta a kan alkawarin zai maido.

Abin da ya fi zanen kansa daraja shi ne hannun da ya adana shi. A ɗauki misalin Faras, a arewacin Sudan. Lokacin da ruwan madatsar Aswan ke shirin haɗiye garin, masu tono na ƙasar Polan ƙarƙashin Kazimierz Michalowski suka yi aiki daga 1961 zuwa 1964, suka ɓamɓaro zanen bangon wata tsohuwar majami'a da rairayi ya binne. Guda 67 suka tafi Warsaw, saura aka ajiye a gidan tarihin Khartum, babban birnin ƙasar da mafi yawan jama'arta Musulmi ne. Masu gadi da masu shara da masu sayar da tikiti suka yi shekaru suna tsaron hotunan da ba su yi wa sujada, domin amana ce. Haka ma gidan sufayen Santa Katarina da ke Dutsen Sina'i: cikin ganuwarsa akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyawa, Larabawan daji na wurin kuwa sun daɗe suna yi wa sufayen hidima. Wannan ita ce fahimtar juna ta gaskiya, ta kuma girmi kowace takardar gayyata.

Sai dai kash, wa ke ganin baje kolin? Wanda ke da biza da kuɗin jirgi. Malamin makaranta na Dakoro da mai shago a kasuwar Maraɗi, waɗanda ke da maƙwabci Kirista a bayan katanga, ko suka taɓa kai mara lafiya asibitin Galmi, ba su cikin lissafi. Shugabanni sun yanke zare, jakadu sun sha lemo, an maida kaya cikin akwati.

Nijar kuwa ta san abin da hoto ke iya jawowa. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu. Kiristocin da aka ƙone wa wuraren ibada ba su zana kome ba, ƴan ƙasa ne, da yawansu Hausa suke addu'a da ita. Ɓacin ran yana da dalili, amma ya sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba, saboda a idon mai ɗauke da ashana, majami'a kayan Bature ce. Da ya taɓa ganin Linjilar Kibɗawa rubuce da Larabci, da zayyana irin ta allon sauka, ko ya ji cewa Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4 kuma ita ce ta ba Sahabbai mafaka, watakila da hannunsa ya yi nauyi.

Kawo ainihin kayan nan Maraɗi ba abu ne mai sauƙi ba, balle tun da aka wawashe gidan tarihin Khartum cikin yaƙin da ya ɓarke a 2023, masu kaya sun ƙara riƙe nasu. Amma hotuna masu kyau da bayani cikin Hausa ba su fi ƙarfin kowace ma'aikatar al'adu ba, mota ɗaya ta ishe su. Zangon farko kuma bai kamata ya wuce Birnin Lalle ba, inda ba sai an yi wa kowa bayanin kalmar Kibɗawa ba.