Makaɗan da Suka Daɗe Kayansu Bai Lalace Ba

Duk wanda ya jima a kasuwa ya san kawo kaya mai kyau sau ɗaya ba wani abin a zo a gani ba ne. Kowa yana iya dacewa. Inda ake gane mutum shi ne lodi na biyu, da na biyar, da na goma, lokacin da kuɗi ya fara shigowa, abokan haɗin jari suka fara kallon juna ta wutsiyar ido. Da wannan ma'aunin nake auna masu turo mana kaya daga Beljiyam, kuma da shi nake auna wasu makaɗan Turawa da na shafe sama da shekara ashirin ina saurare. Na san wani zai ce, Alhaji, me ya haɗa kifi da kaska? To, a yi haƙuri a ji.

Sana'ata a nan Kwatano tsofaffin kayan sauti ne: rediyo, lasifika, garmaho da makamantansu. A da, masu yi mana lodi sukan cike gurbin kwantena da kwalayen tsofaffin faya-fayai, don kada kaya su riƙa motsi a hanya. Ba mai sayen su a lokacin. Sai na mayar da su abin gwaji. In mai saye ya zo, sai in ɗora faifai don ya ji lafiyar lasifika. Da sannu na lura akwai wasu faya-fayan da suka fi tona asirin kaya: kiɗan yakan fara a hankali kamar raɗa, can sai ya tashi kamar hadari ya taso, ya sake kwantawa. Lasifikar da ke da ciwo ba ta iya ɓoye shi a irin wannan kiɗa. Tun ina ɗorawa don ciniki, har na koma ɗorawa bayan an rufe shago.

Akwai wani faifai mai hoton giwa da fukafukai a bangonsa. Wani mai sayen kayana ɗan Kumasi ya gan shi ya yi dariya, ya ce ai waɗannan nasu ne, Osibisa kenan, ƙungiyar da Teddy Osei ɗan garinsu ya kafa a Landan. Daga baya na ga irin wannan zanen a bangon faya-fayan wata ƙungiya mai suna Yes. Ashe hannu ɗaya ne, wani mai zane Roger Dean, wanda ya yi wa Osibisa bangon faya-fayansu biyu na farko a 1971, ya kuma fara yi wa Yes a ƙarshen wannan shekarar. Ta wannan ƙofar na shiga.

Wannan kiɗa shi Turawa ke kira progressive rock. A Ingila ya tsiro a ƙarshen shekarun 1960, kuma da yawa suna fara ƙidayarsa daga faifan King Crimson na 1969, In the Court of the Crimson King. A lokacin waƙar rediyo minti uku ce, ta ƙare. Su kuwa waɗannan samarin sai suka ja ta, suka ɗebo daga tsohon kiɗan Turai na taron goge da sarewa, suka ɗebo daga jaz, suna canza ƙidayar bugu a tsakiyar waƙa. Fuskar faifai ɗaya tana ɗaukar minti ashirin da 'yan kai, sai su cika ta da waƙa guda. Mu da muka tashi muna jin Bakandamiyar Shata, tsawon waƙa ba ya ba mu tsoro.

Masoya wannan kiɗa suna da gardama ɗaya da ba ta ƙarewa: wace ƙungiya ce ta fi jera faya-fayai masu kyau, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da tuntuɓe ba? Ni ma'aunina mai sauƙi ne. Faifai mai kyau shi ne wanda za ka ɗora allura, ba za ka ji kana son ɗaga ta ba sai fuskar ta ƙare.

Yes sun jera shida daga 1971 zuwa 1977: The Yes Album, Fragile, Close to the Edge, Tales from Topographic Oceans, Relayer, da Going for the One. Sai dai na huɗun ana ja-in-ja a kansa, don waƙa huɗu ce kacal a fuska huɗu, har mai fiyanonsu Rick Wakeman ya ƙosa ya fice a 1974, sai daga baya ya dawo. Mai gangunansu Bill Bruford kuwa tun 1972 ya tafi, ana gama faifan da ya fi kowanne karɓuwa a wurin masoyansu. Yes kamar shagon nan ne da yara ke shiga suna fita, amma mutum ɗaya na zaune a bakin ƙofa. Wannan mutumin shi ne Chris Squire, wanda babu faifan Yes da aka yi ba shi har ya rasu a 2015.

Genesis ma shida nake ƙirga musu, daga Nursery Cryme na 1971 zuwa Wind & Wuthering na 1976. Abin da ya fi burge ni a labarinsu shi ne 1975, da mawaƙinsu Peter Gabriel ya ce ya gama. Mutane suka ce shi kenan, rumfa ta faɗi. Suka yi ta gwada mawaƙa daga waje ba wanda ya dace, ashe abin nema yana cikin gida: mai gangunansu, Phil Collins, da ke zaune can baya. Ya karɓi waƙa, suka fitar da A Trick of the Tail a 1976, kasuwa ta karɓa hannu bibbiyu. Wannan ya sha faruwa a gidajenmu, a yi ta neman amintacce a waje alhali yaron da ke ɗaukar kaya shekara biyar ya san komai. Amma a 1977 mai jitarsu Steve Hackett ya tafi, yana ganin ba a ba wa waƙoƙinsa isasshen wuri. Ukun da suka rage suka karkata ga gajerun waƙoƙi. Sun fi samun kuɗi nesa ba kusa ba, sai dai wani kayan ne daban.

Pink Floyd su ne suka fi kowa ciniki. Daga Meddle na 1971 zuwa The Wall na 1979 ba su yi tuntuɓe ba. The Dark Side of the Moon, wanda ya fito a 1973, ya yi mako 741 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka kafin ya sauka a 1988. A cikinsa akwai waƙar da ta fara da ƙarar akwatin kuɗin kanti da ta silalla, an jera su a bugu bakwai-bakwai. Waƙar kan sharrin kuɗi take, kuma kuɗin ne ya zo ya shiga tsakaninsu. A nan nake so 'yan uwana 'yan kasuwa su buɗe kunne.

A faifansu na 1977, Animals, ana biyan ladan marubuci ne bisa adadin waƙoƙi, ba bisa tsawonsu ba. David Gilmour yana da hannu a waƙa ɗaya mai minti 17, wadda ta kusa cinye fuskar farko gaba ɗaya. Roger Waters kuwa, ban da rabinsa a wannan, yana da sauran huɗun, ciki har da wata 'yar gajeriya da aka raba gida biyu, ɗaya a farkon faifai ɗaya a ƙarshe, kowane rabi aka ƙirga shi waƙa guda. Ka ga lissafi ya ba da gaskiya a takarda, amma bai ba da ita a zuciya ba. Lokacin aikin The Wall aka fitar da mai fiyano Richard Wright daga cikin masu jari, aka sake ɗauko shi a matsayin ɗan albashi don wasannin da za a yi. Wasannin suka ci kuɗi fiye da abin da suka kawo, masu jari suka yi asara, ɗan albashi kaɗai ya tashi da riba. Waters ya fice a 1985, aka kai ga kotu a kan wa ke da sunan ƙungiya, sai a 1987 aka sasanta. Mutum huɗun nan ba su sake hawa dandamali tare ba sai a 2005, na dare ɗaya a Landan.

Ni dai in an tambaye ni, Rush nake ba wa kambu, kuma su ba 'yan Ingila ba ne, 'yan Toronto ne a Kanada. Biyu daga cikinsu 'ya'yan baƙi ne kamar namu 'ya'yan. Iyayen Geddy Lee Yahudawan Polan ne da suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi, mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta riƙe gida da kanti. Iyayen Alex Lifeson daga Yugoslabiya suka zo. Na ukunsu, Neil Peart, kayan gyaran injinan noma yake sayarwa a wurin mahaifinsa kafin ya zama mai gangunansu a 1974. Masu karatu na Kamaru, ku ji wannan: a 1988 mutumin nan ya yi kusan wata guda yana zagaya ƙasarku a kan keke, har ya rubuta littafi a kai.

A 1975 faifansu Caress of Steel ya kwanta a kasuwa. Kamfanin faifai ya matsa musu su koma gajerun waƙoƙi na rediyo. Suka ce in ma faɗuwa za a yi, gara su faɗi da kayan da suka yarda da shi. Suka fitar da 2112 a 1976, fuskar farko waƙa guda ce mai minti ashirin, kuma shi ne ya tashe su. Daga nan sai A Farewell to Kings a 1977, Hemispheres a 1978, Permanent Waves a 1980, Moving Pictures a 1981, Signals a 1982. Ni har Grace Under Pressure na 1984 da Power Windows na 1985 nake haɗawa, takwas kenan, ko da yake wasu suna cewa na'urorin fiyano sun yi yawa a na bayan nan. Aiki a rabe yake tsakaninsu: biyu su tsara kiɗa, Peart ya rubuta baituka. Kowa ya san rumfarsa.

Sai jarrabawa ta zo. A 1997 'yar Peart tilo ta rasu a hatsarin mota, a 1998 matarsa ta bi ta sakamakon ciwon daji. Ya ce wa abokansa su ɗauka ya yi ritaya, ya hau babur ya yi ta tafiya, wajen kilomita 88,000. Ƙungiya tana da suna, masu ganguna sun cika gari, kuɗi na jira. Mutum biyun nan ba su nemi kowa ba. Suka zauna suka jira shi har ya dawo da kansa, suka fitar da sabon faifai a 2002, suka ci gaba har wasansu na ƙarshe tare a 2015. Shekara 41 mutum uku, kuma muddin yana raye ba wanda aka ɗora a kujerarsa. Ya rasu a Janairun 2020.

Mu ma a shagonmu mu uku ne: ni, da ƙanena, da wani amininmu mutumin Damagaram. Wata shekara rashin lafiyar iyalinsa ta tsare shi a gida wata goma sha huɗu. Masu ba da shawara suka yi ta zuwa, wai a cire masa jarinsa a aika masa, ai kasuwa ba ta jira. Ƙanena ya same ni ya ce, "Yaya, ni dai ban ga yadda za mu ci kason mutum yana jinya ba." Muka bar shafinsa a littafi, duk wata ana rubuta masa nasa. Ba kiɗan Turawa ya koya mana haka ba, tarbiyyar gida ce da tsoron Allah. Amma ba zan ɓoye ba, na ji sanyi da na san a wata uwa duniya wasu sun yi irin wannan jiran, kuma kayansu bai lalace ba saboda shi.

Abin da ya sa nake wannan rubutu yanzu, 'ya'yanmu sun fara shigowa harkar. Babban ɗana shi ke samo masu saye ta waya, har faya-fayan nan da a da ba mai kallo, yanzu shi ke nemo musu kasuwa da daraja. Kwanan baya ya ce min, "Baba, ni fa ban gane rabon nan na uku daidai ba. Rabin cinikin wata ta hannuna yake shigowa." Yaron bai yi ƙarya ba. Amma ɗan amininmu shi ke kwana a tashar jirgin ruwa yana fama da takardun kwastan, ɗan ƙanena kuma shi ke zaune da ƙarfen narka dalma yana tayar da matattun rediyo. Da wane mudu za a auna wannan? In aka ƙirga ciniki, ɗana ya ci. In aka ƙirga awoyi, shi ne na baya. Tambayar Gilmour da Waters ce ta shigo shagona da hula da jamfa.

Abin da muka yanke, mu iyayen, shi ne a zauna da yaran gaba ɗaya bayan sallar layya, a gaban shaidu biyu daga dattawan zango, a rubuta komai: kason jari daban, ladan aiki daban, abin da za a yi in wani ya kwanta ciwo, da wanda zai riƙe sunan shago in an rabu. Addini ma ya ce a rubuta bashi, balle haɗin da ake fatan ya wuce mu. Ɗana bai gamsu ba tukuna, kuma ban tilasta masa ba. Na dai ce ya zo da nasa lissafin a rubuce, a saurare shi kamar kowa.

Wanda ke sha'awar jin abin da nake faɗa, ya fara da Moving Pictures, minti arba'in ne, ya ji yadda mutum uku ke ba juna hanya ba tare da wani ya danne wani ba. Wanda kuma ba ya sauraron kiɗa, ya ɗauki labarin ya bar faifan. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya bar zumunci tsakanin 'ya'yanmu.