KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Mai karatu, duk lokacin da na biyo ta Tashar Yari na ga motoci shaƙe da rake suna fitowa daga Makarfi sai gabana ya faɗi, don kuwa akwai wata gonar rake a ƙasar Gimi da har gobe nake jin nauyinta a wuyana. Labarinta zan ba ka, amma bari in fara da yadda aka yi na je can.

Na karanta awon ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, bayan na gama bautar ƙasa a 2012 sai na sami aiki a wani ƙaramin kamfanin safiyo a Zariya. Mu biyar ne a ofishin: Oga, sakatariya, direba, da mu biyu masu fita daji. Albashina naira 20,000, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta tsayar a 2011 naira 18,000 ne. Ban damu ba, domin ba kuɗin ne ya kai ni ba. A wannan sana'a tamu, ko ka fi kowa iya awo, taswirarka ba ta zama takarda sai safiyo mai rajista ya sa mata hannu ya buga hatiminsa. Hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989, ita ke ba da rajistar, kuma kafin ka zauna jarrabawarta sai ka yi zaman koyo a ƙarƙashin mai rajista, ka tara ayyukan da ka yi, ya shaida cewa kai ka yi su. Ka ga ke nan tsanin da zan hau yana jingine a bangon Oga.

Yawancin aikinmu a ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan yake. Da asuba za mu loda na'urar awo da ƙafafunta uku, da tef, da turakun siminti da muke kira bikon. Yau muna Paki, gobe Hunkuyi, jibi Gubuchi. Mu yini a rana muna kutsawa cikin dawa da rake, ganye na yankar mana hannu, mu dawo bayan magariba, sannan in zauna gaban kwamfuta in zana abin da muka auno har ƙarfe ɗaya na dare idan an bar wuta. Da safe Oga zai shigo da farar shadda, ya sa hannu, mai fili ya durƙusa ya yi masa godiya. Da gwamnatin Kaduna ta yi dokar KADGIS a 2015 mutane suka tashi neman takardun filayensu, sai aikinmu ya ninka, amma ba a ƙara ko mutum ɗaya ba. Duk sanda na kawo maganar takarduna sai Oga ya ce, "Bari aiki ya lafa."

To, a ƙarshen 2016 aka ba mu ayyuka uku cikin kwana biyu: ɗaya a Auchan, ɗaya a Likoro, sai gonar gado a Gimi da aka riga aka raba tsakanin magada, mu dai namu mu kafa iyaka. Mun isa gonar bayan la'asar, jikina duk ya mutu. Ƙa'idar awo ita ce idan ka zagaye fili ka dawo kan turken da ka fara, ka duba ko lissafinka ya rufe. Na dubi rana na ga ta yi ja, na tuna taswira biyu na jirana a ofis, sai na ce da abokin aikina mu naɗe kaya. Ban rufe awon ba. Oga kuma ya sa hannu bai duba ba, don ya daɗe da daina dubawa.

Ashe bikon ɗaya ya kauce da mita 11, ya ci cikin rabon wata baiwar Allah mai marayu uku. Yayan mijinta, da ya ga turke ya ba shi, ya shuka rakensa a wurin. Sai da rake ya kai gwiwa magana ta tashi, aka kusa zubar da jini, dagaci ya sa aka kira mu. A gaban jama'a Oga ya gyara babbar riga ya ce, "Yarana ne suka yi kuskure." Ranar ce kaɗai na taɓa jin ya ce aikin nawa ne. Aka mayar da turke inda ya dace, amma rake kusan shekara yake yi a ƙasa, don haka aka yi sulhu a kan a bari a sare shi tukuna. Noman shekarar ya wuce ta a wannan yanki. Da za mu tafi ta kira ni gefe ta ce, "Ɗan nan, ba zan ce maka Allah Ya isa ba, amma ka riƙa tunawa a bayan kowane turke akwai tukunyar wani." Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ba na ɗora wa kowa laifina, ni na naɗe kaya ban rufe awo ba. Amma na gane cewa idan aka matse ma'aikaci har ya gaji, ba shi kaɗai ke biya ba, wanda bai ji ba bai gani ba shi ke biyan kaso mafi tsoka. Oga ya yanke mini albashin wata biyu. Na same shi a ofis na ce, "Yallaɓai, shekara biyar ke nan ina nan, ina roƙon a sa mini hannu in nemi rajista." Ya cire tabarau ya ce, "Kai yaro ne. Mu ma haka muka yi." A nan na fahimci aiki ba zai taɓa lafawa ba, domin ranar da na sami hatimina ya rasa jakin da ke ɗaukar kaya, ya kuma sami abokin takara. Haƙurin da nake ta yi ina zaton tsani ne, ashe turke ne aka ɗaure ni a jikinsa. Na ajiye aikin na koma wurin wani dattijo a Kaduna, albashinsa bai fi na baya ba, amma kowace Juma'a yakan zauna ya duba lissafina layi-layi. A 2019 Allah Ya ba ni rajista.

Da a nan labarin ya ƙare da na fito a mutumin kirki. Sai dai na buɗe nawa ofishin, na ɗauki wani yaro ɗan Ikara mai ƙwazo. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin zirga-zirga ya yi tashin gwauron zabo, sai na fara haɗa masa aiki biyu, wani lokaci uku, a fita ɗaya. Wata ranar Laraba ya dawo daga Makarfi idanunsa jawur, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yallaɓai, batun takarduna fa?" Kafin in yi tunani sai na ji bakina ya ce, "Mu ma haka muka yi." Muryar Oga ce sak ta fito daga maƙogwarona. Daren nan ban runtsa ba.

Washegari na sa masa hannu a duk ayyukan da ya yi. Muka rubuta yarjejeniya: fili ɗaya a yini idan gona ce babba, ba a barin wuri sai awo ya rufe, ranar Lahadi tasa ce, kuma ba na buga hatimi a kan abin da ban duba ba. Riba ta ragu, ba zan ɓoye maka ba, har wasu masu gaggawa sun kai aikinsu wani wuri. Na kuma san ranar da ya sami rajista zai tafi, wataƙila ma ya buɗe ofis a layinmu. To ya tafi, arzikina ba a aljihunsa yake ba.

Kai da ke ƙarƙashin wani, ko a ofishin lauya kake ko na akanta ko na masu zanen gini, ka yi haƙuri, amma ka tambayi ranar da haƙurin zai kai ka wani wuri. Kai kuma da Allah Ya ɗora a kujera, ka saurari bakinka da kyau ranar da yaronka ya tsaya a ƙofa. Allah Ya yafe mana haƙƙin da muka ɗauka da sani da wanda muka ɗauka cikin gajiya, amin.