Sayen Koma A Yawuri

A Yawuri, inda Kogin Kwara ya tumbatsa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, Basarke ba ya gaggawa wajen sayen koma. An dai ce kifi na ganinka mai jar koma, amma shi ba launi ne ya dame shi ba. Yakan lanƙwasa bakinta ya ji ƙwarin itacen, ya auna mariƙin da tsayin gefen kwalekwalensa, sa'an nan ya zura hannu ya ga zurfinta. Dalili kuwa, a daidai gefen jirgi giwan ruwa yakan fizge ƙugiya ya nutse, wahalar dare guda ta tashi a banza. Mai ƙananan idanu kuwa yakan ajiye ta gefe, domin ƙayar ƙurungu sarƙe ta take yi, sai an sa wuƙa.